Gwangwanin Ruwa Kafin Tatsuniya

A unguwar Nima, lokacin da nake yarinya, tatsuniyar Kaka Habi ba a jin ta haka kawai. Sai ka zo da gwangwanin madara cike da ruwa.

Akwai wani fili a bayan gidanmu, inda ake zaman suna da na makoki, inda mu kuma muke tsalle-tsallenmu. Wata shekara ma'aikatan hukumar gari, waɗanda muke kira tankas, suka dasa darbejiya huɗu a ciki. Babbansu ya ce in sun kama, filin ya zama wurin hutawa. In sun mutu, bola za a mai da shi. Motar da ke shayar da furannin unguwar Adabraka kuwa ba ta san hanyar Nima ba. Kafin azumi uku suka bushe. Mazan unguwa suka ce ai aikin gwamnati ne. Kaka ta ce to, amma ba hancin gwamnati ne zai sha warin ba.

Bayan magariba sai ta zauna gaban kurfotinta na gawayi tana gasa masara, mu kuma mu taho daga layin famfo, kowa ya juye ruwansa a gindin ta huɗun tana kallo. Ni na fi kowa ha'inci, don a hanya nake kurɓe nawa.

"Ke Ladi, naki rabi ne," in ji ta. "Rabin tatsuniya za ki ji."

Kaka ta ce ga ta nan, mu ce ta zo. Wai dabbobi suna da bishiya ɗaya da suke shan inuwarta. Zaki ya ɗora wa kura aikin ban ruwa, kura kuwa ƙofar gidan zaki kaɗai take jiƙawa. Giwa ta ce ba ita aka naɗa ba, raƙumi ma haka. Sai kaza ta fara ɗebo ruwa da baki, ɗigo-ɗigo, ana yi mata dariya. A nan Kaka take tsayawa ta juya masara. Mu yi ta magiya, ta ce sauran sai gwangwanin gobe. Washegari kaza ta haɗu da shaho, jibi da mage, amma ba ta taɓa isa ƙarshe ba. Haushi nake ji sosai, kuma ban fasa zuwa ba.

Da tankas suka dawo, ta huɗun ta fi babban nasu tsawo. Ya dube ta, ya dubi Kaka, ya sa aka kawo benci biyu.

Kaka tana ciwon ajali na tambaye ta yadda kaza ta ƙare. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Wa ya gaya miki ta gama? Kin zuba na yau?"

A inuwar darbejiyar nan aka yi zaman makokinta. Yanzu ni ce kaka, gidaje sun cinye rabin filin, sauran rabin kuwa sai dai a bi ta kaina. Kowace yamma nakan kai wa darbejiyar gwangwani ɗaya, kuma cike nake kai shi.