Shekari da Motar da Aka Toshe wa Hanci

Idan ka bi ta Romi ka ga wani dattijo a gindin mangwaro ya durƙusa yana shinshina ƙasan mota, kada ka ce taɓin hankali ne. Baba Shekari ke nan, bakanike. A garejin wata masaƙa ta Kakuri ya koyi aiki yana saurayi. Da masaƙar ta rufe, abokan aikinsa suka watse, wasu acaɓa, wasu ƙauye, shi kuwa ya kwashi sifanunsa ya dawo gindin bishiyar nan. Sabuwar mota ba ta gabansa. Ba shi tsohuwa mai tari da yoyo, yanzu ka ga fara'a. Kuma ya tsani gam kamar me! In ya ga an lafta wa inji gam don tsai da yoyon baƙin mai, tsaki yake ja ya ce an ci zalin baiwar Allah.

Wata safiya Damaris ta iso daga Kakau da a-kori-kurar mijinta, marigayi Sam, aminin Shekari tun zamanin masaƙa. Da ita take fito da masara da doya daga gona, ita ke tuƙa abarta. Tun bayan girbi motar ta kama zubar da baƙin mai, makanikai sun yi ta lafta gam, a banza. Ɗanta Clinton ya gaji, har ya yi magana da 'yan gwangwan su zo ranar Asabar su yanka ta.

"Baban Judith, in kai ma ka kasa, shi ke nan, na bar musu," ta ce wa Shekari, da sunan 'yarsa yadda ta saba kiransa.

"Wa zai yanka motar Sam ina raye? Zauna, Maman Clinton."

Shekari yana da tsarinsa, ba ya sauya shi. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi ya bushe, ya barbaɗe shi da garin alabo, sannan ya tada mota. Inda garin ya fara baƙi, nan ne yoyon. To, wannan karon garin ya yi baƙi ta sama, ta gaba, ta gindi, ta ko'ina. Shekari ya ja da baya. Gaskit, wato shimfiɗar da ke liƙe mahaɗar ƙarafan inji, ɗaya kan mutu, amma duka a lokaci guda? Ina! Wani abu ne ke turo man daga ciki.

"Akwai abin da ya faɗi daga jikin motar nan?" ya tambaye ta.

Damaris ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa wani abu baƙi ƙirin, girman dunƙulen hannu. A gona ta tsince shi ƙarƙashin motar. Ta zaga da shi kasuwar kayan mota, ba wanda ya san shi. Shekari ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ni ma ban san shi ba," ya faɗa kai tsaye, "amma zai gaya mini da kansa."

Ya shinshina, ƙaurin baƙin mai. Ya kafa baki ya hura, iska ta wuce ta wasu 'yan ƙananan huda. Ashe abin numfashi ne. Ya lalubi gefen injin sai ga wani guntun bututu, an danna masa totuwar masara gam-gam.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce. Na ga rami yana huci, na toshe shi yadda muke toshe jarkar manja."

"Haba, Maman Clinton! Hancin motar kika toshe! Ta nan inji yake numfashi. In an hana shi, iskar ciki sai ta turo mai ta duk inda ta samu."

Ya zare totuwar, ya kankare gam ɗin yana mita, ya sa sababbin gaskit. Sannan ya tsoma baƙin abin cikin fetur yana gogawa. Baƙin ya soma fita, fari ya bayyana, da ɗan jan fure a gefe. Ƙaramin kofin langa ne, an huhhuda gindinsa da ƙusa, an cusa masa soson ƙarfe. Dole a rasa shi a kasuwa: murfin asali ne ya ɓata, Sam ya ƙera nasa.

Damaris ta miƙe tsaye. "Kofin gishirina! Wanda uwata ta ba ni! Na birkice gida ina nema, Sam ɗin nan yana taya ni, har ƙarƙashin gado ya leƙa!"

Ta yi dariya har ta dafa mota, dariyar ta koma kuka. Shekari ma kewar abokinsa ta kama shi, ya cusa kai cikin bonet ya daɗe bai ɗago ba. Ya kifa kofin a kan bututun, ya ɗaure shi da waya yadda ba zai sake faɗuwa ba. Ya barbaɗa sabon gari, ya tada mota, suka zuba ido. Garin ya zauna fari fat.

Damaris ta share fuska ta kira ɗanta a waya.

"Clinton, ka ce wa 'yan gwangwan su sha zamansu. Kofina yana cikin motar nan. Babanka ne ya sa shi da hannunsa, kuma ba mai cire shi."