Illo, Kifi Mai Rarrafe da Goggon Biri

Illo mai busasshen kifi a Ƙofar Rini bai taɓa ganin teku ba. Iyakar ruwansa Gulbin Rima, shi ma daga kan gada. Amma tun da ya sayi waya mai shafawa, babu dabbar duniya da bai san abincinta ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sai ya ga Hindu, ɗiyar ƙanena, bazawara, ya ce yana so. Ƙanen nawa ya ce magana tana hannuna: in na ce to, a ɗaura, in na ƙi, shi ke nan.

Ranar da ya zo gaisuwa na fito daga ɗaki ina dafa ƙasa, don gwiwoyin nan sun daɗe da yi mini tawaye. Ya durƙusa, muka gaisa, sai shiru. Illo kuwa shiru tsoro yake ba shi. Ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Akwai wani ɗan kihi, dangin shak masu cin mutane cikin teku," in ji shi. "Amma shi bai hi tsawon hannu ba. In ruwa ya janye sai shi dafa ƙasa shi yi ta rarrafe. Wallahi tahiyassu ɗaya da goggo: hannuwa ƙasa, ɗuwawu sama."

Duk unguwa Goggo ake ce mini. Hindu da ke laɓe bayan labule ta saki kwano.

"Wace goggon?" na ce.

"Ta biri! Goggon biri nika nuhi, Goggo!"

"Au, ta biri kuma na koma?"

Gumi ya wanke masa fuska har gemu. Na so in kore shi, amma idona ya riga ya faɗa kan wayar. Ga ɗan abu mai ɗigo-ɗigo yana jan jiki a kan duwatsu, yana lanƙwasa ƙugu kamar ƙadangare ya ƙoshi. Ya shafa wayar, ga ƙaton baƙin biri yana taku da dunƙulen hannu.

"Ƙaramin mi yaka ci?"

"Tsutsa da ƙaguwa, Goggo."

"Ƙaton hwa?"

"Ganye."

"Duk wanga ƙirji, ganye? Kamar mai jego an ba ta zogale?"

Ya ce kifin ma ko ƙashi ba ya da shi, guringuntsi ne zalla. Na tambaya ko ƙaton na iya ruwa, ya ce a'a, tsoronsa yake. To ashe kowa da gidansa: ƙaramin ya leƙo tudu ya koma, babban ko leƙe ba ya yi. Muna nan har la'asar ta kusa wuce ni.

Washegari na aika wa ƙanena na ce a ɗaura. Mutumin da zai zage ni a tsakar gidana, ya kuma sa in manta, Hindu ba za ta yi hamma a gidansa ba.

Yanzu ita ke kawo mini ƙararsa. Wai tana zuba tuwo yana nuna mata wata aba mai hannu takwas. Na ce ta turo mini shi da wayar, a nan za a yi shari'ar.