Malama Lucia, Mai Lallashin Tsoka

Ƙarfe bakwai na safe Malama Lucia Gidiyon take sauka daga adaidaita sahu a Fagge. Kafin ta ajiye jaka sai ta ɗora ruwan ɗumi, don ba ta taɓa majinyaci da hannu mai sanyi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

A tambayi Hamzat, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa. Yana da shekara ashirin da shida ƙafafunsa suka soma gaza masa. Sharaɓa ta yi kauri, amma matakala biyar ta gagare shi. Abokan aiki suka ce lalaci ne, a gida aka ce sammu. Don ya ƙaryata su ya riƙa ɗaukar buhu bibbiyu, har ranar da ya kife a bakin dogo.

"Inna, don Allah, ragwanci ne?" ya tambayi Malama Lucia da aka kawo shi asibitin.

"Wane rago ke ɗaukar buhu biyu?" in ji ta. "Saurara, ɗana. In tsoka ta kama aiki, wani sinadari a bangonta yana sakin iskar nitirik oksaid, ita ke sa jijiyoyi su buɗe jini ya kwararo. Ciwon gadon da likita ya gano maka ya raba sinadarin da mazauninsa. Tsokarka na kira, jini bai isa ba. In ka matsa mata, lalacewa take yi."

"Zan warke?"

"A'a. Amma za mu lallaɓa ta."

Ta koya masa motsa jiki mai sauƙi. Ta taka har tasha, ta roƙi shugaban 'yan dako ya mayar da shi gadin kaya. Ta je Rijiyar Lemo wurin mahaifiyarsa, Mero, wadda ta daina gaida maƙwabciya saboda zargin ita ta yi masa sammu. Ba ta tashi ba sai da matan biyu suka gaisa.

Shekara tara ke nan. Hamzat na dogara sanda, amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma shi ke ciyar da gidansu.

Malama Lucia, ke ce ba ki yi masa ƙaryar waraka ba, kuma ba ki sake shi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje ta, in majinyaci ya ce ya gaji, ku yarda da shi.