Yatsu Biyu Kacal

Kakarku, kun dai san ta, shekara arba'in tana yi wa jariran unguwa tausa. Hannu gare ta kamar dutsen niƙa.

To, da aka kwantar da ƙaninku a asibiti da ciwon zuciya, ga roba a hanci, sai ta tarar da wata ƙaramar nas tana shafa masa baya da yatsu biyu kacal. Yaron da ya wuni yana tsala ihu, sai ga shi ya yi luf.

"'Yar nan, tausa ce wannan ko korar ƙuda?"

"Mama, ƙirjinsa ba zai ɗauki irin taki ba."

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ta zauna tana hararar yatsun, a gida kuwa ta dinga gwadawa a kan matashi a ɓoye.

Ranar da nas ba ta zo ba, yaro ya ɓarke da kuka. Kakarku ta murza tafinta ya ɗumama, ta sa yatsu biyu. Ya yi shiru, amma idonsa na ƙofa.

"Ji ɗan nema," in ji ta. "Ita yake jira."