Ciwon da Muka Kira Girman Kai

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Adda Dija, kuma sai a bana na gane cewa mun zalunce ta. Ba ciwon da zan ba ku labarinsa ne ya yi ajalinta ba, hatsarin mota ne a hanyar dawowa daga biki. Amma ta tafi da sunan da muka laƙaba mata, mu 'yan uwanta da dangin mijinta na Yelwa: mai girman kai.

Gaisuwar safe ce ta jawo mata. A gida irin namu ba a gaisuwa a tsaitsaye. Sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya da yara, har da shanu in akwai su. Ita kuwa Adda, ka je mata da safe, "uhm" kawai za ka samu, baki a rufe, fuska a murtuke, ta manna kofin shayi a kumatu. Da hantsi kuma, in ta buɗe rumfarta ta atamfa a Kasuwar Jalingo, sai ka ji ta tana raha da masu ciniki. Wannan ya fi komai ƙona mana rai. Muka ce ato, baƙi ake wa dariya, dangi sai "uhm".

Ni dama zuciyata a kusa take. Wata safiya na taka tun daga unguwar Mayo Gwoi, na durƙusa na gaishe ta, ta ɗaga mini hannu kawai. Na miƙe na ce, "Adda, in gaisuwata ta ishe ki, na daina." Na kuwa daina. Bayan wata biyar aka kawo gawarta.

To, bara sai ga ni ina tashi da ciwon kai kullum, nan gefen goshi, kamar an ɗaure ni da igiya. Na sha maganin zazzaɓin sauro, na sha na taifot, an auna jinina, har tabarau na canja. Shiru. Wani abokin aikina ya ce in ga likitan haƙori, na ce masa kaina ke ciwo, me ya haɗa ni da mai cire haƙori? Da abin ya ishe ni dai na je.

Likitan ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana ya ce in buɗe baki a hankali. Sai ji muka yi ƙas! Ya leƙa haƙorana ya ce, "Malam, kana cizon haƙora cikin barci. Mahaɗar muƙamuƙinka ce ta gaji. Naman da ke motsa ta ya kai har gefen goshi, shi ya sa kake tashi da ciwon kai, bakin ma da ƙyar yake buɗuwa. In rana ta ɗaga sai ya saki."

Innalillahi! Wallahi ban ji sauran bayaninsa ba, sai da ya maimaita. Wannan ƙas ɗin na san shi tun ina yaro. Shi muke ji in Adda tana tauna, har mu riƙa tsokanarta wai ta haɗiye tsakuwa. Kofin shayin nan ashe gasa wurin take yi. Ba ta ƙi amsa mini ba, bakin ne ba ya buɗuwa. Na zauna a kujerar likita gumi yana keto mini, shi kuwa ya zaci tsoron allura nake ji.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne sauƙin maganin. Wata 'yar roba aka auna mini da nake sawa a haƙora in zan kwanta. Sai gashi da tsumma mai ɗumi, abinci mai laushi na ɗan lokaci, in bar goro da kilishi, in koyi sakin muƙamuƙi in raina ya ɓaci. Shi ke nan fa! Yau ina tashi garau. Ina tambayar kaina, da tana raye ta ga robar nan, me za ta ce? Na san ta, dariya za ta yi mini, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Rumfar an sayar, atamfofin an raba. Abin da ya rage mata a bakin mutane sunan nan ne, shi ya sa na je na zayyana wa mahaifiyarmu komai. Sai Inna ta ce, "Ai ta gaya mini. Sau ɗaya, tana budurwa. Ni na ce mata 'yar Fulani ba ta kuka da ciwo, ta yi munyal, wato haƙuri, ta haɗiye abinta. Ba ta sake faɗa wa kowa ba."

Tsohuwar da ta shekara biyu ba ta fita ƙofar gida ba ta lalubi sandarta, ta ce, "Tashi ka tsayar mini da keke napep. Yelwa za mu. Dangin mijinta daga bakina za su ji."