Babana ya rasu bai san sunan ubansa ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sidi tela, kuma idan na ce na huce, wallahi na yi ƙarya. Bawan Allah ya bar duniya yana neman sunan ubansa, alhali wadda ta haife shi tana zaune gida ɗaya da shi da hankalinta garau.

Kakanmu Bature ne, mutumin Suwizalan. Ya zo Alƙahira yana saurayi, ya yi aiki a wani otal, daga nan ya gangara Sudan yana gyaran injinan ban ruwa a gonakin auduga. A can ya musulunta aka sa masa Abdullahi, ya auri kakata Inna, 'yar Hausawan da suka tsaya a hanyar hajji. Malaman unguwa suka ɗaura aure da goro da fatiha, ba takarda ko ɗaya. Zazzaɓi ya kashe shi Baba yana goye.

Mun shigo Masar farkon shekarun casa'in, muka kama shakka, wato ɗan gidan haya mai ɗaki biyu, a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira. A Sudan ana ce mana 'yan Najeriya, 'yan Najeriya kuma su ce mu 'yan Sudan ne. Ba mu da fasfo na kowace ƙasa. Ƙanina Bashir ya kai shekarar jarrabawa aka ce ba zai zauna ba sai da takardar shaida. Ranar Baba ya rufe shago ya tafi ofishin jakadancin ƙasar ubansa. Sun karɓe shi da mutunci, ba su yi masa alkawarin komai ba, sai dai suka ce ya kawo sunan da aka haifi mutumin da shi, a duba ko yana cikin rajista.

Ya dawo da murnarsa, ya durƙusa gaban Inna. Ta juya masa baya ta ce, "Kai wannan, ashe ba ka da kunya? Ni in kama sunan mijina?" Haka take kiran Baba, "kai wannan," don ɗan fari ne, shi ma ba ta kama sunansa.

Ba abin da bai gwada ba. Ya kawo wani malami daga cikin ɗaliban jami'a ya yi mata bayani cewa ba zunubi a ciki, ta ce ta ji, ta ba shi shayi. Ya tura ni, tunda jika ce ni kuma muna wasa, ta ce in ɓace mata da gani. Sai ya shiga bin tsofaffin otal-otal da maƙabartun Turawa yana kwafo sunaye a littafin awon kaya. Bayan la'asar ya zauna ya riƙa karanto mata, ya ce, "Inna, ba sai kin faɗa ba, ki gyaɗa kai kawai." Takan saurara sosai, har ta karkato kunne, amma kan nan bai taɓa motsi ba. Shekara shida ana haka. Bashir ya haƙura da boko ya koma dako a kasuwa. Baba ya daina cin abinci tare da mu, daga baya gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da uwarsa. Hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki.

Bayan addu'ar arba'in na shiga ɗakinta, ba wasa a bakina. Na ce, "Inna, kin kashe shi. Khalas, shi ke nan, sai ki riƙe kunyarki." Ta ɗago ta dube ni. Can ta ce, "Zo nan, Hauwa. Sau biyu kakanki ya taɓa faɗa mini sunan, da yarensu. Ban taɓa maimaita shi ba ko a zuciya, don haka aka koya mana. Ranar da ubanki ya tambaya na neme shi, na rasa. Kullum da yake karanto sunayen nan ina roƙon Allah in ji nasa. Yaya zan yi in gaya wa ɗana na manta ubansa?"

Na fita na zauna a kan matakala. Inna ta bi ɗanta bayan shekara biyu.

Yanzu akwai shagon intanet a layinmu, yara suna cewa idan ka rubuta sunan mutum sai danginsa su fito har kakan kaka. Da Baba yana nan, na san ƙafarsa ba za ta bar shagon ba, kuma ba shi da abin da zai rubuta. Ina tambayar kaina ko da ya ji gaskiya da ya yafe mata, ko da ya fi sauƙi a gare shi. Ban sani ba.

Abin da ya bar mana shi ne keken ɗinkinsa, da naci, da littafi cike da sunayen matattun wasu. 'Ya'yana uku, su ma ba su da ƙasa. Har gobe nakan kai gaisuwa kabarinsa, in tsaya in gaya masa cewa uwarsa ba ƙi ta yi ba. Allah ya sa yana ji.