Ƙullin Irin Wake

Abin da zan rubuta a nan ya dogara ne a kan abubuwa uku: ƙaramin littafin da nake rubutu a ciki lokacin aikin, abin da shugabar rukuninmu ta tuna sa'ad da na tambaye ta daga baya, da kuma abin da ni kaina na riƙe. Ba kowane shafi na littafin ne yake ɗauke da kwanan wata ba, sakacin da har yau yake damuna. Na dai tabbata a shekarar da na gama hidimar ƙasa ne, lokacin da makarantu da dama a Maiduguri suka koma matsugunin 'yan gudun hijira, kuma gab da faɗuwar damina. Shugabar tana cewa ruwan farko ya riga ya sauka, ni kuwa a tunanina bai sauka ba. Na bar saɓanin yadda yake.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni aikin tambayoyi, saboda ina jin Kanuri da Hausa da Turanci. Takardar tambayoyin da Turanci aka rubuta ta. Kusa da ƙarshenta akwai tambaya guda: ko mutum yana jin ya zama hopeless. Wanda ya horar da mu ya rubuta kalmar a kan allo, ya ƙara mata despair da futile, ya ce 'yan uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya amsa da e, za a sa sunansa cikin waɗanda ma'aikaciyar jinya za ta ziyarta a makon, ta zauna da su, ta ci gaba da bibiyarsu.

Da na koma gida Moduganari na buɗe ƙamus. A gaban kalma ta farko na rubuta fid da rai, a gaban ta biyu yanke ƙauna, a gaban ta uku wahalar banza. A ƙasa na ƙara wata lura da har yanzu tana nan cikin littafin: Bature yana iya faɗin waɗannan kalmomi kamar yadda zai ce kansa yana ciwo, mu kuwa da an ce yanke ƙauna, kunne yana jiran a ƙarasa da "daga rahamar Allah". Na lura da wannan, amma ban yi komai a kai ba. Sai na kafa wa kaina doka: ba zan rubuta abin da bakin mutum bai furta ba.

Dattijuwar da zan yi magana a kanta manomiya ce daga wani ƙauye na yankin Konduga. An kashe mijinta ranar da suka gudu. Babban ɗanta, magidanci, ya koma ɗauko kaya, ba a sake ganinsa ba. Na same ta da hantsi a ɗaya daga cikin makarantun nan, a barandar wani aji, zaune a kan tabarma, wata maƙwabciyarta tana gefe tana tsince shinkafa. Ta amsa tambayoyin abinci da na ruwa ba gardama, tana gauraya Kanuri da Hausa. Na mayar da maganarta Hausa gaba ɗaya, kamar yadda na yi a littafin.

Na ce, "Iya, a 'yan kwanakin nan, kin taɓa jin kin fid da rai?"

"Da me?"

"Da cewa al'amura za su gyaru."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, abin da aka koya muku a jami'ar ke nan? Ku zo ku sa tsohuwa ta yi saɓo da rana tsaka?"

Maƙwabciyar ta yi dariya, ta ce, "Malam, rubuta alhamdu lillahi ka kai wa Turawanka, su ma su samu lada."

Ban yi ƙarfin halin furta yanke ƙauna ba. Na tsallaka zuwa kalma ta uku, na tambaye ta ko tana ganin duk abin da take yi wahalar banza ce.

Ta ce, "Me nake yi da zai zama banza? Zaune nake. Na bar wa Allah."

Na rubuta a'a. Ina tattara takarduna sai ta laluba ƙarƙashin matashinta, ta ciro wani ƙulli a tsohon ɗankwali, bai kai cikin tafi biyu ba, ta miƙo mini.

Na ce, "Iya, an hana mu karɓar komai."

"Ba aikinku na ba wa ba, kai na ba wa. Wake ne. Kuna da fili a gida?"

"Duk siminti ne, Iya."

"To ka ba wanda yake da ƙasa."

Na karɓa don kada in kunyata ta. A zuciyata na ɗauke shi kyautar tsohuwa ga baƙo, irin goron da kakata take miƙa wa duk wanda ya shigo.

Sai bayan kwana huɗu na haɗu da shugabarmu a ofis. Kirista ce daga kudancin Borno, 'yar manoma, kuma Furofesa take ce mini saboda yawan gyara da nake yi wa takardu. Na kai mata ƙullin ne don in ba da rahoton cewa na karɓi kyauta, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ta kwance shi tana tsokanata. Ta murza waken, yatsunta suka yi fari da toka.

Ta ce, "Furofesa, ka san mene ne wannan? Iri ne. Tokar don kada ƙwari su ci. Tun daga ƙauye ta ɗauko shi, ta sha yunwa da shi a ƙarƙashin kanta bai shiga tukunya ba. Manomiya ta ba ka irinta ana shirin shuka. Me ka rubuta mata?"

"A'a na rubuta, Anti. Bakinta bai faɗa ba."

"Uwata ma ba za ta faɗa ba, ko a gaban fasto. Ɗauko jakarka."

Da muka isa, babu tabarmar a barandar. Maƙwabciyar, wadda ba ta yi dariya ba wannan karon, ta ce washegarin zuwana dattijuwar ta ba ta bokitinta, ta ba wata tukunyarta, ta ce za ta je ta duba gona. A lokacin ko manyan motoci ba sa bin hanyar Konduga sai da rakiyar sojoji. Mun tambayi masu gadin ƙofa, ba wanda ya tuna fitarta. Na yi makonni ina duba rajistar sauran sansanoni, ban ga sunanta ba.

Ba zan rubuta cewa ta mutu ba, domin ban sani ba. Ba zan kuma ce da ma'aikaciyar jinya ta je da ta tsayar da ita ba. Wannan ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne, da na rubuta e, da an je wurinta, ko da kuwa an makara, kuma da an fara nemanta kafin kwana huɗu su wuce.

Ƙullin yana cikin akwatina. Ban ba mai ƙasa kamar yadda dattijuwar ta umarta ba, domin na ce ko za ta dawo ta nema. Shugabar ta gaya mini cewa yanzu ya tsufa, da wuya ya tsiro.

Na sake karanta shafin sau da yawa, kuma duk kalmar da ke cikinsa daidai take da abin da aka faɗa. Tambayar da ban samu amsarta ba ita ce wannan: da na rubuta e a kan abin da ta musa da bakinta, ƙarya na yi mata, ko kuwa a'ar da na rubuta ita ce ƙaryar?